Shinge da Ƙofa: Sharhi a Kan Katange Iyaka da Haƙƙin Masu Wucewa

A watan Yuni na shekarar 2025, a wani taro kan sha'anin tsaro da aka yi a Abuja, babban hafsan tsaron Nijeriya na wancan lokaci, Janar Christopher Musa, ya yi kira da a katange iyakokin ƙasarsa da maƙwabtanta huɗu, watau Nijar da Cadi da Kamaru da Benin, yana mai kafa hujja da abin da Pakistan ta yi a iyakarta da Afganistan, da wanda Saudiyya ta yi a iyakarta da Iraƙi. Duk wanda yake zaune a Tsibirin Gobir, ko Maraɗi, ko Jiratawa, wanda ya san cewa daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa bai kai tafiyar sa'a guda a mota ba, daga can kuwa sai Jibiya sai Katsina, ya san cewa a ƙofar gidansa wannan magana ta faɗi. Saboda haka ya kamata a duba al'amarin tun daga tushensa, tun yana matsayin magana, domin shawara tana da amfani ne kafin a haƙa ramin dirkar farko, kuma abin da za a faɗa a kan babban shingen iyaka shi ne za a faɗa a kan ƙananan shingayen da ake ta kafawa a garuruwanmu da sunan tsaro.

Wajibi ne a fara da yi wa masu son shinge adalci, gama tsoron da ya kai su ga wannan ra'ayi tsoro ne na gaskiya. Shekaru ke nan ƙauyukan Madarunfa da na Gidan Rumji suna kwana da fargabar 'yan bindiga masu ƙetarowa daga dazuzzukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, su kore shanu, su ɗauke mutane don neman kuɗin fansa, su koma ta inda suka fito kafin gari ya waye. Dajin Babban Rafi, wanda a da aka san shi da itace da kiwo, ya zama wurin da ake ambata da taka-tsantsan, har hukumar Nijar ta kafa rundunar Farautar Bushiya don tsare yankin. A can ƙetare kuwa, satar ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamban 2020, da ta 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021, ta sa kowane uba ya soma duban makarantar ɗansa yana tambayar ina katangarta. Magidancin da ya sayar da gonarsa ya fanso matarsa, idan ya ce a gina katanga har ta taɓo sama, ba wanda yake da bakin zarginsa. Kiyaye rai shi ne kan gaba cikin abubuwan da shari'a ta zo don ta kiyaye bayan addini, kuma shugaban da ya yi sakaci da shi ya ci amanar da aka ɗora masa.

Amma kafin a yarda cewa shinge shi ne magani, sai a san abin da zai ratsa. Iyakar da ke tsakanin Nijar da Nijeriya, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a kan takarda cikin yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan ayarin jami'ansu, Tilho da O'Shee, ya bi ta yana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Mutanen da layin ya raba kuwa tsatsonsu ɗaya ne. Sarakunan Katsina na dauri, bayan da jihadi ya fitar da su daga birninsu a 1807, su ne suka zauna a Maraɗi, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake kiran mai mulkinta. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi, daga Tsibirin ne kuma Ɗan Halima ya tashi ya kafa Sabon Birni, wadda yau take cikin jihar Sakkwato. Da wuya a sami babban gida a wannan yanki wanda ba shi da 'ya da aka kai aure ƙetare, ko almajiri da ke karatu a Katsina ko Kano ko Zariya, ko kabarin kaka a wancan ɓangare.

Ruwan da muke sha ma bai san layin ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya ratsa ƙasar Madarunfa da Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, kana ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Saboda sanin haka ne ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan rabon ruwan kogunan da suka yi tarayya a kansu, a ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwa da suka kafa tun 1971. Haka nan dabbobi: da damina makiyaya su yi arewa don su ba gonaki wuri, da kaka bayan an saki gonaki su gangaro kudu neman ƙara da ruwa, kuma wannan kai da kawowa ita ce ta sa jihar Maraɗi da jihar Katsina suka ƙulla yarjejeniya a kan ƙetarar dabbobi a 2017. Ga kuma fatauci, wanda shi ya ɗaga Alhazan Maraɗi har sunansu ya kai ko'ina: wake da dabbobi su tafi kudu, masara da kayan masarufi su zo arewa. Duk wanda zai ja waya a tsakiyar wannan ƙasa, to ya sani a kan zumunci da ruwa da abinci zai ja ta.

Mun riga mun ɗanɗana abin da rufewa take haifarwa, har sau biyu cikin 'yan shekaru. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma sake rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai cikin Maris na 2024. Abin da kowa ya gani da idonsa shi ne, babbar hanya ta mutu, ɓarauniyar hanya ta rayu. Farashin abinci ya hau. Ɗan dako da mai tura kura da mai sayar da abinci a tasha suka rasa na sawa a baki. Wanda yake da kuɗin sayen hanya kuwa bai fasa wucewa ba. 'Yan bindiga ma ba su daina ƙetarowa ba, gama ba ta ƙofar duwan suke bi ba tun asali. Akwai kuma abin da bai kamata a manta ba: a shekarar 2019, da wuta ta yi tsanani a ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubun dubatar mutane, galibinsu mata da yara, da ƙafa suka tsallako ƙasar Gidan Rumji, talakawa 'yan uwansu suka raba hatsi da ɗaki da su, kafin a tsugunar da wasu a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Da sun tarar da waya a gabansu a waɗancan darare, da Allah kaɗai ya san adadin waɗanda za a binne a gindinta.

Ƙasashen da aka kafa hujja da su, da wasunsu da suka gwada shinge, su ma suna da darasi ga mai lura. Pakistan ta soma shinge iyakarta mai tsawon kimanin kilomita 2,600 a 2017, ta kashe dukiya mai yawa, ta raba ƙabilar Pashtun da ke zaune a ɓangarorin biyu, amma hare-hare ba su ƙare a yankin ba. Da aka tsananta sharuɗɗan wucewa a ƙarshen 2023, sai da mutanen garin Caman suka yi watanni suna zaman dirshan saboda an yanke musu hanyar abinci. A iyakar Indiya da Bangaladesh, da yake an janye shingen ya shigo cikin ƙasar Indiya, manoma da yawa sun wayi gari gonakinsu suna bayan waya, ba su isa gare su sai a sa'o'in da sojan ƙofa ya buɗe. Kenya kuwa ta ɗaura niyyar katange kimanin kilomita 700 na iyakarta da Somaliya a 2015, amma bayan shekara huɗu abin da aka kafa bai wuce kimanin kilomita 10 ba. Abin da za a fahimta daga waɗannan shi ne, shinge yana da tsada wajen ginawa, ya fi tsada wajen tsarewa, kuma nauyinsa a kan mai gaskiya yake fara sauka, domin shi ne ba ya yawo da almakashin yanke waya.

Magabatanmu ba baƙin katanga ba ne, kuma akwai hikima a yadda suka yi tasu. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an soma ta a zamanin Sarki Gijimasu cikin ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Ta haɗa da gonaki da kududdufai da filin da mutanen karkara za su shigo da dabbobinsu idan yaƙi ya taso. Birnin Katsina yana da ƙofofinsa sanannu, irin su Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi, kowace tana fuskantar hanyar da mutane suka saba bi, kowace da mai tsaronta wanda ya san fuskokin masu shige da fice, a rufe da dare, a buɗe da asuba. Talakawa da kansu suke fitowa aikin gayya su gyara ganuwa bayan damina, saboda sun san ranar tsoro a cikinta za su fake. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowane shinge da shi: a duba ko mutanen da ke zaune a gindinsa suna ganin nasu ne, ko kuwa suna ganin don su aka yi shi a tsare su.

Shari'a ma ba ta bar wannan babi ba tare da bayani ba. Ƙa'ida ce tabbatacciya a wurin malaman fiƙihu cewa ba a cutarwa, ba a kuma gusar da cuta da wata cutar irinta ko wadda ta fi ta. Hadisi ya tabbatar da tarayyar mutane a cikin ruwa da ciyawa da wuta, wani kuma ya ƙayyade faɗin hanya da kamu bakwai idan an yi jayayya a kanta, malamai kuma suka yi bayanin hurumin rijiya da na gari, wanda ba ya halatta wani ya mallake shi ya ƙuntata wa jama'a. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa yadda Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya keɓe makiyaya don dabbobin baitulmali, amma ya umurci mai tsaronta, Hunayyu, da ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya hana garken manyan mawadata, bisa dalilin cewa mawadaci yana da abin komawa gare shi idan dabbobinsa sun halaka, talaka kuwa ba shi da shi. Ya kuma kawo ƙissar Dahhaku ɗan Halifa, wanda ya so ya ratsa da magudanar ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama aka hana shi, Umar ya hukunta a bar ruwan ya wuce. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar aiki da wannan hukunci na biyu, amma manufar ba ta ɓuya ba: shugaba yana da ikon keɓewa don maslahar jama'a, da sharaɗin kada keɓewar ta zama halakar mai rauni. Shawara kuwa Alƙur'ani ya umurci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da yin ta, alhali wahayi yana sauka gare shi, balle waninsa.

Dokar ƙasar Nijar ta zo daidai da wannan, kuma da jini aka koyi darasinta. A watan Oktoba na 1991, a Toda ta ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da 100, galibinsu mata da yaran Fulani. Bayan wannan musiba, a ranar 2 ga Maris 1993, aka kafa dokar da ta aza harsashin tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har zuwa sama, inda ake zaunar da sarakuna da ma'aikatan hukuma da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa a kan tabarma guda. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da cewa kai da kawowa haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma hana toshe burtali. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta wajabta bincike da jin ta bakin masu haƙƙi da biyan diyya, dokar 14 ga Mayu 2018 kuma ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli da jama'a. Ashe ba sabuwar doka muke nema ba. Abin da ake bukata shi ne kada a mai da kalmar tsaro mabuɗin tsallake dokokin da ake da su.

To, mece ce shawara ta gaskiya? Farkon sharaɗinta lokaci. Idan an riga an zana layi, an ba ɗan kwangila kuɗi, sa'an nan aka tara mutane a farfajiyar magajin gari aka karanta musu takarda, wannan sanarwa ce, kuma jama'a sun san bambancin, shi ya sa za ka ji suna cewa, ai an riga an yanke, mu dai an kira mu mu shaida. Na biyu, a san waɗanda za a kira. An saba kiran mai takardar fili, alhali mafi yawan waɗanda shinge yake cutarwa ba su mallaki ko taki ɗaya a wurin ba, wucewa kawai suke yi: matar da ke zuwa rijiya da itace, yaron da ke kora awaki mashaya, mai amalanke, masu ɗaukar gawa zuwa maƙabarta, da makiyayin da ba ya nan sai kaka. Taron da aka yi da damina, lokacin da Fulani suke arewa, manoma kuma suna gona, an yi shi ne ba da masu abin ba. Sai a nemi arɗo da rugga da sarkin noma da sarkin kasuwa da limamai, a kuma yi wa mata nasu zama dabam, gama da yawansu ba za su ɗaga murya a gaban surukai da sarakuna ba. Na uku, a yi magana da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a fita da ƙafa a bi layin da ake nufi, domin taswira ba ta nuna turbar da ƙafafu suka yi shekara ɗari suna bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sharaɗi na huɗu shi ne a amsa tambayar da kowa yake yi, watau, ta ina za mu bi? Ƙofa nawa za a bari, tazarar me ke tsakaninsu, faɗinsu zai ɗauki garke da amalanke, ƙarfe nawa za a buɗe, wa zai riƙe mabuɗi, ina za a kai mai naƙuda da tsakar dare, wace takarda za a nema daga wanda bai taɓa mallakar takarda ba, kuma wa za a kai wa ƙara ranar da mai tsaron ƙofa ya mai da ita wurin karɓar na goro? Na biyar, a rubuta abin da aka yi alkawari, a karanta shi a bainar jama'a da gidajen rediyo, a ajiye kwafinsa wurin sarki da kwamitin filaye, a biya diyya kafin a soma aiki, a kuma sa lokacin da za a dawo a duba ko shingen ya yi amfanin da aka ce zai yi. Shawarar da ba ta iya gusar da layi ko da kamu ɗaya, ko ta ƙara ƙofa ɗaya, ɓata lokacin bayin Allah ce.

Masu riƙe da sha'anin tsaro suna da uzuri biyu da suke kawowa, kuma sun cancanci amsa. Suna cewa sirrin tsaro ba a baza shi a kasuwa, kuma abokin gaba ba ya jiran a gama taro. Amsar na farko ita ce, ba wanda ya nemi a gaya masa yawan soja ko inda za su yi kwanto. Shinge kuwa abu ne da kowa zai gani da ido ran da aka kafa shi, saboda haka ɓoye layinsa ba ya ɓoye kome ga ɓarawo, talaka kaɗai yake shammata. Amsar na biyu ita ce, makonnin da za a ɓatar wajen shawara sun fi sauƙi a kan shekarun da za a ɓatar ana gyaran wayar da mutane suke yankewa da dare don su kai ga ruwa. Fiye da wannan duka, babu rundunar da za ta iya sa ido a kan kilomita 1,500 dare da rana. Idon da yake ganin baƙon babur a daji, da kunnen da yake jin an sayi burodi da man fetur fiye da kima a ƙauye, na manomi ne da makiyayi da 'yar tallan nono. Ranar da aka yanke musu hanyar abinci ba da saninsu ba, ranar aka rufe wannan ido, kuma saurayin da aka raba da sana'arsa shi ne wanda 'yan bindiga suka fi saurin saya.

Wannan ma'auni bai tsaya ga iyakar ƙasa ba. Makarantar da za a kewaye a Tsibiri ko a unguwannin Maraɗi ta cancanci katanga, amma idan filinta shi ne hanyar unguwa zuwa masallaci ko famfo, sai a zauna da mutanen unguwa a fitar da lungu a gefe kafin a aza tubali. Filin noman rani na Jiratawa, mai faɗin fiye da hekta 500, wanda aka kafa a farkon shekarun 1980, yana bukatar kariya daga ɓarnar dabbobi da ɓarayin kayan ban ruwa, amma dabbobin ƙauyukan da ke kewaye da shi su ma suna bukatar hanyar zuwa gulbi. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai ratsa gonaki da burtuloli, kuma yawan mashigan da aka bar wa mutane da dabbobi shi zai nuna ko alheri ne ga na kusa da shi ko kuwa ga na nesa kaɗai.

Don haka muna kira ga sarakunanmu na Gobir da Katsina, da magadan gari, da malamai, da shugabannin manoma da makiyaya a ɓangarorin iyaka biyu, da kada su jira sai an kawo musu takarda su sa hannu. Su soma tun yanzu su ƙidaya hanyoyi da burtuloli da mashaya da maƙabartu da kasuwannin da jama'arsu suke tarayya a kansu, su sa a rubuta su a littafin kwamitin filaye, domin haƙƙin da aka rubuta ya fi wuyar takewa. Hukumomin ƙasashen biyu kuma su riƙa tuna cewa za a tambaye su a gaban Allah game da ran da 'yan bindiga suka ɗauka, za a kuma tambaye su game da abincin da shinge ya hana. Allah ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci da jin shawara, amin.